Yehudi Menuhin: Yaron da Hannunsa Ya Riga Saninsa

A shekarar 1926 wasu iyaye daga San Francisco ta Amurka suka kai ɗansu mai shekara 10 birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, gaban Eugène Ysaÿe, dattijon da ake yi wa kallon uban masu gogen Turawa, wato bayolin, a zamaninsa. Yaron ya ɗaga goge ya zuba wani kiɗa mai wuya na mawallafin kiɗa Édouard Lalo, irin wanda manya ke shan fama da shi, har ya dire babu tuntuɓe. Dattijo ya yaba. Sai ya ce masa ya hau masa matakan sauti daga can ƙasa har ƙololuwa, atisayen da ɗalibai ke yi kullum kafin su taɓa wani kiɗa. Nan fa yaro ya shiga lalube, yatsu suna neman wurin sauka. Ysaÿe ya ba shi shawara ya koma ya dage da wannan atisaye. Yaron bai zauna a wurinsa ba, ya wuce Paris wajen malamin da zuciyarsa ke so.

Sunan yaron Yehudi Menuhin, kuma cikin shekara uku da wannan ganawa duniya ta san shi. Amma abin da dattijon ya gano cikin mintuna kaɗan shi ne ya zame masa ƙaya a ƙafa tsawon rayuwarsa. Ina ganin duk wanda ke son fahimtar yadda sana'ar mai bayolin take, da abin da take yi wa mai ita, to ta kan wannan mutum ya kamata ya bi.

Sai an san kayan kiɗan kafin a gane girman matsalar. Wanda ya taɓa kallon mai goge a ƙasar Hausa ya riga ya san tushen abin: tsirkiya ce ake gogawa da baka mai izgar doki, a shafa masa ƙaro don ya kama, yatsun hagu kuma su riƙa taɓa tsirkiya suna sauya sauti. Bayolin tsirkiya huɗu gare shi, ana maƙale shi tsakanin haɓa da kafaɗa, kuma a wuyansa babu wata alama ko ƙarfe da zai nuna wa yatsa inda zai sauka kamar yadda jita ke da shi. Idan yatsa ya kauce da faɗin gashi, sauti ya karkace, kowa a zaure zai ji. Hagu ke nan. Dama ta fi wahala, ko da yake masu kallo ba su cika lura da ita ba. Hannun dama ne ke riƙe da baka, shi ke hukunta nauyin da za a ɗora wa tsirkiya, da saurin jan, da daidai wurin da izga za ta taɓa. Kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da yatsu duk sai sun yi aiki tare a sake, ba ɗaurewa. Da tsoro ya shiga jiki tsoka za ta ɗaure, baka ya fara kyarma a kan tsirkiya, musamman a dogon sauti mai taushi inda babu wurin ɓuya. Shi ya sa malaman wannan fanni ke azabtar da yara da atisaye na shekaru: so ake jiki ya san hanya, ƙwaƙwalwa ma ta san dalilin kowane motsi, don ranar da ɗaya ya ruɗe ɗayan ya kama shi.

Menuhin jikinsa ne kawai ya san hanya.

An haife shi ranar 22 ga Afrilu, 1916 a New York. Iyayensa, Moshe da Marutha, Yahudawa ne 'yan asalin daular Rasha waɗanda suka zauna a Falasɗinu kafin su yi hijira zuwa Amurka. A San Francisco ya tashi, kuma a can ya faɗa hannun Louis Persinger, shugaban masu bayolin na ƙungiyar makaɗan birnin. Persinger mutum ne mai taushin hali, koyarwarsa ta nuni ce: ya kaɗa, yaro ya ji, yaro ya maimaita, wani lokaci ma ya zarce abin da aka nuna masa. Wane malami ne zai tsayar da irin wannan yaro ya ce sai ya koma baƙi da wasali? Haka George Enescu, ɗan Romaniya da Menuhin ya je wurinsa a Paris. Enescu babban mawallafin kiɗa ne, mai bayolin, mai fiyano, kuma madugun makaɗa, ya buɗe wa yaron ido kan ma'anar kiɗa da numfashinsa, har Menuhin ya mutu yana kiransa babban malaminsa. Amma shi ma bai zauna yana warware masa yadda gwiwar hannu ke juyawa ba. Adolf Busch, Bajamushen da ya karanta a wurinsa a Basel a 1929 da 1930, ya fi su tsauri, sai dai lokacin yaro ya riga ya zama abin nema a kowace ƙasa.

Ga yadda abin ya gudu. A watan Fabrairun 1927 ya yi wasa a Paris. A watan Nuwamban shekarar, yana ɗan shekara 11, ya tsaya a zauren Carnegie na New York ya kaɗa babban kiɗan bayolin na Beethoven, wanda ake ɗauka sai wanda ya ga jiya ya ga yau ne zai iya fitar da zurfinsa. Ranar 12 ga Afrilu, 1929, saura kwana 10 ya cika 13, ya kaɗa manyan ayyuka uku na Bach da Beethoven da Brahms a zama ɗaya tare da ƙungiyar makaɗan Berlin, Bruno Walter na jagoranci. An ruwaito cewa Albert Einstein, wanda shi ma yana taɓa bayolin, ya je ya rungume shi bayan wasan ya ce yanzu ya tabbata akwai Allah. A 1932 kuwa aka haɗa shi da Edward Elgar, babban mawallafin kiɗa na Ingila, tsoho ɗan shekara 75 da saurayi ɗan 16, suka naɗi kiɗan bayolin na Elgar a faifai a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan. Har gobe ana sayar da wannan faifai, kuma da yawa daga masana na cewa babu wanda ya wuce shi.

Bayan wannan haske akwai harkar kuɗi, kuma ba a fahimtar rayuwar mai bayolin idan aka tsallake ta. Kayan aikin kansa ya fi ƙarfin talaka. Bayolin ɗin da manyan makaɗa ke nema na tsofaffin masassaƙan birnin Cremona na Italiya ne, Antonio Stradivari da Guarneri del Gesù, waɗanda suka mutu tun ƙarni na 18, abin da suka bari kuma ƙididdigagge ne. Dole sai da ubangida. Wani lauya a San Francisco, Sidney Ehrman, shi ya ɗauki nauyin tafiyar iyalin zuwa Turai, sannan wani attajirin banki a New York, Henry Goldman, ya saya wa yaron bayolin na Stradivari ƙirar 1733 a kan dala 60,000. Sai dillalan wasa masu tsara ranaku tun shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci, sai kamfanin faifai. Mahaifinsa ya ajiye aikinsa na makarantun koyar da Ibrananci ya koma kula da harkokin ɗan, wato abincin gidan gaba ɗaya ya dawo kan yatsun yaro. A gida aka karantar da shi da ƙannensa mata biyu, Hephzibah da Yaltah, waɗanda su ma gwanayen fiyano ne. Bai yi zaman aji da tsara ba, kuma mahaifiyarsa ta killace shi ƙwarai. A irin wannan tsari kowa na da dalilin da zai sa a ci gaba, babu mai dalilin da zai sa a dakata. Ba na zargin iyayen da mugunta, shaidu sun nuna sun taƙaita yawan wasanninsa yana ƙarami fiye da yadda dillalai suka so. Amma shawarar Ysaÿe tana bukatar shekara biyu ko uku na ɓuya, kuma ba wanda ya ga dalilin gyara abin da bai nuna alamar lalacewa ba.

A 1935 ya zagaya duniya, wasa sama da 100 har Ostireliya da Afirka ta Kudu. Da ya dawo sai iyalin suka janye zuwa gidansu na Los Gatos a Kalifoniya wajen shekara ɗaya da rabi. Ya koma fage a 1937 yana saurayi, ya yi aure a 1938, Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shiga yi wa sojojin ƙawance wasa, fiye da sau 500, daga sansani zuwa asibiti, yau a jirgi gobe a mota, babu hutu babu lokacin atisaye na kirki. A tsakanin nan ne aka fara jin abin da ba a saba ji ba: sauti na karkacewa, baka na rawa. Ba kullum ba. Wata rana ya kaɗa kamar babu kamarsa, washegari jama'a su fita suna sunkuyar da kai don tausayi.

Me ya faru? Akwai gajiya, akwai auren farko da ke rushewa, wanda ya mutu a 1947. Amma shi da kansa ya faɗi asalin ciwon ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ya wayi gari yana babban mutum bai san yadda yake yin abin da yake yi ba. Yaro ba ya tambayar hannunsa, yana jin sauti a kansa hannu ya bi. Babba kuwa yana tambaya, kuma da zarar ya tambayi motsin da bai taɓa nazari ba sai motsin ya rikice. Tamkar ginin da aka ɗora wa bene ne tun ba a haƙa harsashi ba, sai ga mai gida yana ƙoƙarin haƙa shi daga baya, alhali jama'a na zaune a sama. Haka ya yi: yana cika alƙawuran wasa a manyan zauruka, a ɗakin otal kuma yana bin littattafan malaman dabara irin su Carl Flesch, yana nazarin tsoka da gaɓoɓi, yana koyon riƙon baka kamar ɗan shekara 7.

Don a ga bambanci, a dubi Jascha Heifetz, wanda ya girme shi da shekara 15. Shi ma yaron ban mamaki ne, amma ya fito daga ajin Leopold Auer a Saint Petersburg, kuma bai taɓa sakin atisayen matakan sauti ba, har ɗalibansa sun san da shi zai fara gwada su. Ya yi wasansa na ƙarshe a 1972 yana da shekara 71, hannunsa bai ba shi kunya a gaban jama'a ba. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda hanyar ta cinye. Josef Hassid, ɗan Polan da manya suka yi wa shaidar baiwa irin wadda ba a cika gani ba, ya kamu da taɓin hankali ya rasu a 1950 yana ɗan 26. Michael Rabin na Amurka ya sha fama da fargabar hawa dandamali da shan magunguna, ya rasu a 1972 yana ɗan 35. Menuhin na tsakanin waɗannan biyu: bai tsira da hannunsa cikakke ba, amma bai karye ba. Ya yi sama da shekara 40 yana hawa dandamali bai da tabbacin abin da hannunsa na dama zai yi masa a daren. Wannan jarunta ce da ba a cika lissafa masa ba.

Neman magani ne ya kai shi ga yoga. A 1952 ya ziyarci Indiya bisa gayyatar Firaminista Jawaharlal Nehru, a can ya haɗu da B.K.S. Iyengar, malamin motsa jiki wanda a lokacin ba a san shi sosai a waje ba. Menuhin ya ga cewa abin da yake nema, wato sakin tsoka da daidaita numfashi da tsayuwar ƙashin baya, shi mutumin nan ke koyarwa. Ya riƙa gayyatarsa Turai, kuma ta wannan ƙofa koyarwar Iyengar ta bazu a Yamma. A wannan tafiya ce kuma ya saurari Ravi Shankar, gwanin sitar, kayan kiɗan Indiya mai tsirkiyoyi da yawa. Abin da ya girgiza shi a kiɗan Indiya shi ne makaɗi na ƙirƙira nan take a cikin ƙa'ida mai tsauri, alhali shi tun tasowarsa rubutaccen kiɗan wasu yake fassarawa. Ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa ya zama ɗalibi. Faifan da suka yi tare ya fito a 1967 ya ci kyautar Grammy, kuma a watan Disamban shekarar suka yi wasa tare a Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarun 1970 ya sake yin irin wannan da Stéphane Grappelli, Bafaranshe mai kiɗan jaz da bayolin. Gaskiya a duka biyun an fi shi sakewa, kuma ya san haka. Abin da ya burge ni shi ne mutumin da sarakuna ke tashi su tafa masa ya yarda a ji shi yana koyo a bainar jama'a. Ina zaton wanda bai taɓa rasa tabbacin hannunsa ba da wuya ya yarda da haka.

Sai batun da ya fi jawo masa surutu. A watan Yulin 1945, watanni kaɗan bayan 'yantar da sansanin Bergen-Belsen a Jamus, inda gwamnatin Nazi ta Hitler ta tsare Yahudawa da wasu, ya je tare da mawallafin kiɗa Benjamin Britten a kan fiyano suka yi wa waɗanda suka tsira daga kisan Nazi wasa. Ya ga abin da aka yi wa mutanensa da idonsa. Shekara biyu bayan haka, a 1947, sai ga shi a Berlin yana kaɗawa ƙarƙashin jagorancin Wilhelm Furtwängler, madugun da ya zauna a Jamus kusan duk zamanin Hitler yana jagorantar babbar ƙungiyar makaɗan ƙasar. Shari'ar Furtwängler ba mai sauƙi ba ce. Bai shiga jam'iyyar Nazi ba, ya taimaki makaɗa Yahudawa, kotun da ke tantance masu alaƙa da Nazi bayan yaƙi ta wanke shi. Amma gwamnatin ta yi ado da sunansa, an kuma ɗauki hotonsa yana wasa manyanta na zaune a sahun gaba. Menuhin da kansa ya ƙi amsa gayyatar zuwa Jamus tun daga 1933, Nazi kuma suka hana shi zama na farko da zai kaɗa kiɗan bayolin na Robert Schumann da aka fito da shi a 1937, suka ba wani Bajamushe. Saboda haka ba jahilcin abin da ya faru ne ya kai shi ba. Ra'ayinsa shi ne dole wani ya fara miƙa hannu, kuma Jamus ɗin Beethoven da Brahms ba mallakar Hitler ba ce.

Yahudawa da yawa sun ɗauki abin a matsayin cin amana, musamman waɗanda ke zaune a sansanonin 'yan gudun hijira a Berlin ɗin kanta, waɗanda ba su gama ƙirga mamatansu ba. Ya je ya tsaya gabansu ya saurari fushinsu. Da zai je Isra'ila a 1950 har barazanar kisa aka yi masa, ya je. A nawa ganin masu fushin suna da hujja: yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, shi kuwa Menuhin a Amurka ya yi zaman yaƙin, ba a kama shi ba, ba a kai shi sansani ba. Ya yi gaggawa. Amma ba don riba ya yi ba, asara ma ya yi, kuma abin da ya biyo baya ya nuna ƙa'ida ɗaya yake bi ko wa ta shafa. A 1950 a Afirka ta Kudu ya nemi baƙaƙen fata da dokar wariya ta hana shiga zauruka ya yi musu wasa. A 1971, yana shugaban majalisar kiɗa ta duniya da ke ƙarƙashin UNESCO, ya tsaya a Mosko ya ambaci sunan marubuci Solzhenitsyn da yabo, a lokacin da hukumomin Tarayyar Sobiyet ba sa son a ji sunan. A 1991 kuma, da aka ba shi lambar yabo ta Wolf, ya tsaya a cikin majalisar dokokin Isra'ila ya soki yadda ake mulkin Falasɗinawa da tsoratarwa da wulaƙanci, ya ce mutanen da suka ɗanɗani irin wannan rayuwa su ne ya kamata su fi kowa nisantar ta.

Ta fuskar kiɗa ma shekarun wahalar ba su tafi a banza ba. Shi ya nemi Béla Bartók, ɗan Hangari da ke gudun hijira a New York cikin rashin lafiya da ƙuncin hannu, ya rubuta masa kiɗa na bayolin shi kaɗai ba rakiya, ya kuma fara kaɗa shi a watan Nuwamban 1944. Yau wannan aiki na cikin ma'aunan da ake gwada manyan masu bayolin da su. Faifan Beethoven da ya yi da Furtwängler a Landan a 1953 akwai nutsuwa da zurfi a cikinsa da yaron 1927 ba zai iya kaiwa ba. Da shekaru suka ja sai ya karkata ga jagorancin makaɗa, ya kafa bikin kiɗa na Gstaad a Suwizalan a 1957, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1985, aka ba shi kujera a majalisar dattawan ƙasar a 1993. Ya rasu a Berlin ranar 12 ga Maris, 1999, ya je jagorantar wasa ciwon huhu ya kama shi. Yarjejeniyarsa da kamfanin faifai na EMI ta kai kusan shekara 70.

Amsarsa ta zahiri ga abin da ya same shi ita ce makarantar da ya kafa a 1963, wadda ta koma ƙauyen Stoke d'Abernon a kudancin Ingila shekara guda bayan haka. Ya tsara ta don yaro mai baiwa ya sami abin da shi bai samu ba: dabarar hannu da aka warware masa dalla-dalla tun da wuri, karatun boko tare da tsara, kiɗa cikin ƙananan rukuni inda dole ka saurari na kusa da kai, da kula da lafiyar jiki. Fitattun masu bayolin irin su Nigel Kennedy da Tasmin Little da Nicola Benedetti duk nan suka fito. A 1977 ya ƙara da wani shiri mai tura matasan makaɗa asibitoci da gidajen tsofaffi da gidajen yari, a 1983 kuma ya kafa gasar matasan masu bayolin mai ɗauke da sunansa.

Makarantar ta toshe ramin da shi ya faɗa, amma akwai wanda ba ta iya toshewa ba, don a cikin sana'ar yake. Hannun mai bayolin sai an fara gina shi tun yaro na shekara 4 zuwa 7, wanda ya fara a 15 da wuya ya kai sahun farko. Ke nan har yanzu manya ne ke yanke wa yaro hukuncin rayuwarsa tun bai san akwai zaɓi ba, har yanzu ana ɗauke ƙananan yara daga gaban iyayensu a kai su makarantar kwana saboda kiɗa, kuma gasar Menuhin kanta tana da rukunin 'yan ƙasa da shekara 16, inda ake ɗora yara gaban alƙalai da kyamarori, dillalan wasa na zaune a cikin masu kallo suna duba wanda za su ɗauka.